An kira ni intabiyu a Garwa, amma rabin abin da suka nema ban iya ba

Tambaya: Ina da BTS, wato difloma ta fasaha, a fannin sadarwar kwamfuta. Shekara biyu ke nan ina jan kebul, ina haɗa kwamfutoci da firinta da kyamarori a shaguna da ofisoshi a Garwa, arewacin Kamaru. Wata ƙungiya mai ofis a nan da Marwa ta kira ni intabiyu nan da kwana 10. A sanarwar sun nemi VLAN (raba hanyar sadarwa ɗaya gida-gida), MikroTik (na'urorin rarraba intanet na wani kamfani), Linux (wata babbar manhajar da kwamfuta ke tafiya a kanta), haɗa zaren faiba (zaren gilashi mai ɗaukar intanet da haske), da Turanci. VLAN a takarda kawai na sani, Linux tun makaranta rabona da shi, injin haɗa faiba kuwa ban taɓa riƙe shi ba. In je ko in haƙura? In kuma na je, me zan ce idan suka tambaye ni abin da ban sani ba?

Amsa: Ka je, ƙanena. Waɗanda suka kira ka sun karanta CV ɗinka tukuna, sun ga babu faiba a ciki, babu MikroTik, duk da haka suka ware maka lokaci. Ke nan abin da ka iya yana cikin abin da suke buƙata. Sai dai in ka rubuta a CV abin da ba ka iya ba. In haka ne, ka shirya gyara maganar da bakinka tun farkon zama, kafin su tono ta da kansu.

Ka fara da sake karanta sanarwar da biro a hannu. Irin wannan takarda galibi mutum biyu ke haɗa ta: shugaban sashen kwamfuta, wanda sau da yawa yana Yawunde, ya zayyano duk na'urar da ƙungiyar ke da ita, sannan ofishin ma'aikata ya ƙara nasa. Shi ya sa take yin tsawo. Ka ja layi ƙarƙashin duk inda aka ce exigé ko indispensable, wannan dole ne. Inda aka ce atout ko souhaité, ƙari ne, in akwai madalla. Sannan ka tambayi kanka aikin da za a riƙa yi kullum. Ofishin ƙungiya a Garwa ko Marwa bai cika wuce rawuta ɗaya (mai haɗa ofis da intanet), suwic biyu ko uku (akwatin da kebul ɗin kwamfutoci ke haɗuwa), na'urorin wifi, firinta da UPS (batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke) ba. Faiba kamfanin sadarwa ne ke kawo ta har bango, in ta tsinke ma'aikatansu ke haɗawa. Don haka a wurin ƙungiya, VLAN da MikroTik su ne cikin aikin, Linux yana biye, faiba tana can ƙarshe. Da a ce kamfanin da ke sayar da intanet ne ya kira ka, ko ɗan kwangilar shimfiɗa faiba, da lissafin ya juya gaba ɗaya, da kuma shawarata ta bambanta.

Kwana huɗun farko ka ba VLAN da rabon adireshi. Ka sauke Packet Tracer, manhajar da ake kwaikwayon haɗa na'urorin sadarwa a cikinta, kyauta ne idan ka yi rajista a Cisco Networking Academy, kuma gwaje-gwajen da za ka yi a ciki ba sa cin data. Kada ka tsaya kallon bidiyo kawai, kallo yana sa mutum ya ji kamar ya iya. Ka ɗauko suwic 2960 guda, rawuta 2911 guda, kwamfuta huɗu. Biyu na ma'aikata a VLAN 10, biyu na baƙi a VLAN 20. A kan suwic ka ƙirƙiri kowanne da vlan 10 da vlan 20, ka shiga kafar da kwamfuta ke ciki ka ba ta switchport mode access sannan switchport access vlan 10. Kafar da ta tafi rawuta ita ce za ta ɗauki VLAN biyun a kebul ɗaya, sai ka ba ta switchport mode trunk. A kan rawuta ka buɗe interface g0/0.10, ka sa encapsulation dot1Q 10, ka ba ta 192.168.10.1, ka maimaita wa 20. Ka duba da show vlan brief da show interfaces trunk.

Ba zai yi aiki a karon farko ba, kuma nan ne karatun yake. Kusan kullum ɗaya daga cikin waɗannan ne: ka manta no shutdown a kan ainihin g0/0, domin kafofin rawutar Cisco a kashe suke zuwa, ko ba ka sa wa kwamfuta adireshin ƙofar fita, wato na rawuta, ba, sai ta ga 'yar'uwarta ta VLAN ɗaya amma ta kasa tsallakawa, ko lambar da ke bayan dot1Q ba ta dace da ta suwic ba. Idan ka sauya zuwa suwic 3560, zai ƙi karɓar trunk sai ka fara ba shi switchport trunk encapsulation dot1q. Bayan komai ya tashi, ka kashe suwic ɗin ka kunna ba tare da ka yi copy running-config startup-config ba, ka ga abin da zai faru da saitin kafofinka. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan mantuwar ita ce ke mayar da aikin yini guda ya koma babu.

Akwai tambaya ɗaya da masu gwaji ke so, domin tana raba wanda ya haddace da wanda ya gane: ka raba baƙi da ma'aikata da VLAN, to me ya sa baƙo yake kaiwa ga firintar ma'aikata? Amsa ita ce VLAN a kan suwic yake raba su, amma da zarar rawuta ta san hanyoyin biyu, za ta sada su. Sai an sa dokar tacewa a rawutar, ACL a Cisco ko dokar firewall (katangar tsaro) a MikroTik, wadda ta hana 20 shiga 10 amma ta bar ta fita intanet. Ka gina wannan ma da hannunka.

Rabon adireshi kuwa da biro da takarda za ka yi shi, domin haka za a ba ka a ɗakin. Lambar da ke bayan / ita ke nuna girman hanyar: /24 na ɗaukar na'ura 254, /25 na ɗaukar 126, /26 na ɗaukar 62, /27 na ɗaukar 30. Kullum ana cire biyu, na farko sunan hanyar ne, na ƙarshe na shela ne. Idan aka ce maka 192.168.10.77/26, ka tuna /26 tana tafiya 64-64: 0, 64, 128, 192. To 77 ta faɗa gidan 64, adireshin shelarta 127, masu amfani daga 65 zuwa 126. Ka yi goma irin wannan kowace safiya har ka daina ƙirgawa da yatsu.

Kwana uku na gaba na MikroTik ne. In za ka samu aron ƙarama a wurin wani abokin sana'a, ya fi. In babu, akwai CHR, wato RouterOS, manhajar MikroTik, da ke tafiya cikin VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin taka; na kyautar an ƙayyade masa gudu zuwa megabit 1 a kowace kafa, amma don koyo ya wadatar. Ka saba da Winbox, manhajar da ake saita MikroTik da ita. Ƙananan na'urorin MikroTik suna zuwa da adireshin 192.168.88.1, ether1 kuma ita ce ta shigowar intanet. Abin da za ka iya yi ba tare da duba takarda ba: karɓar adireshi daga mai ba da intanet, ba wa hanyar cikin gida adireshi, tayar da DHCP mai raba wa kwamfutoci adireshi da kansa, sa masquerade a NAT don kwamfutoci su fita intanet da adireshin rawuta, da ƙayyade wa mutum gudu da Simple Queue, saboda a kowane ofis akwai mai shanye layin da bidiyo.

Abu uku za su nuna wa kwamiti cewa ka taɓa na'urar da gaske. Na ɗaya, Winbox na iya shiga ta adireshin MAC, lambar da na'ura ke zuwa da ita, idan ka ɓata adireshin IP da ka saita, muddin kana kan hanya ɗaya da ita. Na biyu, maɓallin Safe Mode: in ka danna shi kafin ka taɓa firewall, sannan ka yanke kanka bisa kuskure, na'urar za ta janye canjin da kanta. Ka yi tunanin kana Garwa kana gyara rawutar Marwa, tafiyar sama da kilomita 200, ka rufe kanka a waje. Na uku, kunna vlan-filtering a kan bridge, gadar da ke haɗa kafofin na'urar, kafin ka tanadi hanyar da kai kanka za ka shiga, shi ne sanannen tarkon masu koyon VLAN a MikroTik. A kunna shi a ƙarshe, kuma cikin Safe Mode. Kafin kowane canji, a yi /export a ajiye.

Ka kuma shirya wa tambayar layi biyu, domin ofisoshi da yawa a arewacin Kamaru suna haɗa faiba da layin waya na 4G saboda tsinkewa. Hanya mafi sauƙi ita ce hanyar fita biyu, ta farko distance 1, ta biyu distance 2 (mai ƙaramar lamba ake fara bi), da check-gateway=ping don a riƙa duba ko ƙofar na amsawa. Lahaninta shi ne ƙofar farko kawai take dubawa. In akwatin kamfanin da ke bangon ofis yana amsawa amma faibar ta tsinke can a hanya, rawuta za ta ɗauka lafiya lau ce, ba za ta koma layi na biyu ba. Maganin shi ne a sa ta riƙa duba wani adireshi na can waje. Ko ba ka kai ga gina wannan ba, faɗin matsalar kaɗai ya fi amsar da yawancin masu neman aikin za su bayar.

Linux kwana biyu, kuma kada ka yi masa buri. Ka sa Ubuntu Server a VirtualBox da RAM giga 2 da faifai giga 25. Fayil ɗin babba ne, gara ka kwafo a filashi wurin wani da ka ƙone datarka. Ka iya ip a da ip route, shiga ta ssh, ƙirƙirar mai amfani, sa manhaja da apt, duba ko wani aiki na tafiya da systemctl status, karanta dalilin mutuwarsa da journalctl, da duba cikar faifai da df -h, domin faifan da ya cika yana kashe saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, shiru ba tare da wani ya taɓa ta ba. Ka gane chmod 755: karantawa 4, rubutawa 2, zartarwa 1, mai fayil ya samu 7, sauran su samu 5. Da wannan ba za ka ce ka iya Linux ba. Za ka ce kana iya shiga saba ka gano abin da ya tsaya, kuma gaskiya ka faɗa.

Faiba ba a koyonta a kwana 10, aikin hannu ne da ke son inji da maimaici, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da za ka iya shi ne ka san harshenta. Ana feɗe rigar zaren, a goge da alkol mai tsabta, a yanke da abin yankan gilashi don bakin ya miƙe, a sa a inji ya narkar ya haɗa, sannan a gasa 'yar rigar kariya a kan mahaɗin. Rigar kariyar tun kafin haɗawa ake zura ta. Sabon hannu yakan manta, sai an sake karyawa. Haɗi mai kyau asarar haskensa ba ta kai 0.1 dB ba. Kan kebul kore APC ne, shuɗi UPC ne, ba a haɗa kore da shuɗi domin gogar bakinsu ta bambanta, hasken zai zube har bakin ya lalace. Jar fitilar LOS a akwatin faiba na nufin haske ba ya isowa. A layin GPON na yau da kullum, irin faibar da ake kai wa gidaje da ofisoshi, ƙarfin hasken da ke isowa ya kamata ya tsaya tsakanin -8 da -27 dBm. Kuma ba a leƙa bakin faiba da ido, hasken 1310 ko 1490 nm ba a ganinsa amma yana illa. In ka san wani mai wannan aiki, ka roƙe shi ka bi shi rabin yini ka riƙe masa kaya, gani ya kori ji. A ɗakin sai ka ce ka ga ana yi, ka san matakan, amma ba ka haɗa da hannunka ba.

Yanzu ga inda za ka ci maki, kuma ina ganin ka raina shi. Tambayar da kusan ba ta faɗuwa ita ce: an wayi gari babu intanet a ofis, me za ka yi? Kada ka yi tsalle ka ce za ka kashe rawuta ka kunna. Ka fara da tambaya: mutum ɗaya ne ko kowa? Na kebul ne ko na wifi? Me aka canza jiya? Sannan ka hau daga ƙasa: wuta, fitilun suwic, kebul. Ka duba ipconfig. In ka ga adireshi mai farawa da 169.254, kwamfutar ba ta samu DHCP ba. In adireshi daidai ne, ka yi ping, wato gwajin ko na'ura na amsawa, zuwa ƙofar fita. Ta amsa, ka yi zuwa 8.8.8.8. In wannan ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, DNS ne, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi. In bai amsa ba, matsalar daga rawuta zuwa waje take, tracert zai nuna inda ta tsaya. In fitilun suwic duka suna ƙyaftawa tare kamar sun haukace, ka nemi wanda ya soka bakin kebul ɗaya a kafa biyu. In wasu na samun baƙon adireshi, wani ya kawo 'yar rawutar gidansa ya soka, tana raba nata DHCP. Ka riƙa faɗin tunaninka a fili kana yi. Shirun minti biyu sannan amsa daidai bai kai bayanin da suke ji mataki-mataki ba, domin yadda kake bin sawun matsala suke son gani.

Shekara biyun da ka yi a fili kuma suna da abin da wanda ya zo da takarda zalla ba shi da shi. Ka san kebul na tagulla ba ya wuce mita 100. Ka san akwai na kasuwa mai alminiyom a ciki da aka yi wa wankan tagulla, CCA, wanda ke sa kyamarar PoE, mai shan wuta ta kebul ɗin sadarwa, ta riƙa mutuwa tana tashi a doguwar tafiya. Ka san dalilin da kafar gigabit ke tsayawa a megabit 100: gigabit na son wayoyi takwas duka, 100 kuwa da 1, 2, 3 da 6 kawai take aiki, don haka waya ɗaya da ba ta matsu ba ta isa. Ka kawo maganar zafi: a Maris da Afrilu Garwa na haura digiri 40, batirin UPS kuma an auna rayuwarsa ne a wajen digiri 25, kusan duk ƙarin digiri 10 yana rage ta da rabi. Ka kawo ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da tsawar damina da ke bin kebul ɗin tagulla da aka ja tsakanin gini biyu ta ƙone kafar suwic. Wanda zai ɗauke ka ya sha asarar kaya ta waɗannan hanyoyin, zai saurara. Ka kuma sake matse kan kebul na RJ45 sau da yawa kafin ranar, ana iya miƙo maka filaya a ce bismillah: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ruwan ƙasa, tsarin T568B ke nan.

To, idan tambayar da ba ka sani ba ta zo? Ka faɗi iyakarka a jimla ɗaya, ba tare da ban haƙuri ba, ka kawo abin da ka sani mafi kusa da ita, ka faɗi yadda za ka tunkare ta. Misali an ce ka taɓa haɗa ofis biyu da VPN? Sai ka ce: "Ban taɓa yi a wurin aiki ba. Na san rami ne mai ɓoye bayanai tsakanin rawuta biyu, kuma dole adireshin cikin Garwa ya bambanta da na Marwa, in ba haka ba hanyoyin za su yi karo. Da aka ba ni, zan fara gwadawa a CHR biyu, in ajiye saitin da ke kai, in yi canjin bayan an tashi daga aiki." Ka tsaya nan. Kada ka cika da "ina saurin koyo", kowa na faɗin haka. In kana son su yarda, ka buɗe laftof ka nuna abin da ka gina cikin kwana 10, ka gaya musu ranar da ka fara.

Ƙarya kuwa, ban da haramcinta, ba ta ma biya. Mai gwajin da ya san aiki tambaya ta biyu yake jira: wane inji ka yi amfani da shi, nawa asarar ta nuna, me ka yi da ya ƙi? Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma da zarar an kama ka a ɗaya, har abin da ka iya da gaske sai a yi shakkarsa. In ma ka tsallake, akwai lokacin gwaji. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ce a rubuce ake yin sa, kuma har da sabuntawa ba ya wuce wata 6, sai manyan ma'aikata da ake iya kai wa wata 8. A cikinsa kowane ɓangare na iya raba gari ba tare da wa'adin sanarwa ba. Wanda ya ce ya iya alhali bai iya ba, ranar da aka tura shi Marwa shi kaɗai asirinsa zai tonu.

Turanci kada ya hana ka barci. A irin wannan aiki yawanci don karanta takardun na'ura ne da amsa saƙo. Ka shirya gabatar da kanka na minti ɗaya da bayanin aiki ɗaya da ka yi, ka maimaita da baki. Ka kuma ambaci Hausa da Fulatanci in kana ji, domin mai gyaran da zai yi magana da direba da mai gadi da ɗan kwangila yana da amfani.

Rana ta goma kada ka koyi sabon abu. Ka sa wani ya yi maka tambayoyi da Faransanci, ka amsa da ƙarfi. Ka cika cajin laftof, ka tabbata gwaje-gwajenka na buɗewa ba intanet. Ka ɗauki katin ɗan ƙasa, ainihin takardun makaranta da kwafinsu, hotuna biyar ko shida na aikinka mafi tsabta, da zanen hanyar sadarwa ɗaya da ka taɓa haɗawa. Ka cire sunan mai wurin, ka rufe duk kalmar sirri da ta fito a hoto. Wanda ya nuna sirrin wani a intabiyu ya gaya musu abin da zai yi da nasu.

Idan suka ce kana da tambaya, ka tambayi irin na'urorin da ke ofisoshin biyu, ko akwai zane da ajiyayyen saiti, wa za ka kira in abu ya fi ƙarfinka, da kuma wa ke haɗa faiba in ta tsinke a cikin harabar. Amsar ta ƙarshen ita za ta gaya maka ko giɓin naka na da nauyi. In suka ce ku ne, sai ka tambaya ko suna da injin, da wanda zai tsaya a kanka a haɗin farko.